Sharhi Kan Wasan Tebur na Yaƙin Kogin Plata

Ƙunshin wasan ba shi da girma: ƙananan jiragen ruwa huɗu na roba, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, sai katuna, rular awo, ƙwayoyin ludo da ɗan littafin dokoki. Teku kuwa kai za ka samar. Ni shuɗin yadi na shimfiɗa a tebur, ya kuma wadatar.

Faɗan da aka ɗauko shi ne na ranar 13 ga Disamba 1939, a tekun da ke gaban bakin Kogin Plata a Kudancin Amurka, inda jirgin yaƙin Jamus Admiral Graf Spee ya yi arangama da jirage uku na ɓangaren Birtaniya: Exeter, Ajax da Achilles. Graf Spee na da manyan igwa shida masu faɗin inci 11. Na Exeter inci 8 ne, na sauran biyun inci 6. A tebur za ka ji wannan bambanci a jikinka, domin abokin wasana, da ke riƙe da Graf Spee, ya fara ruwan wuta tun rulata ba ta kai gare shi ba. Dole na raba jiragena gida biyu, kamar yadda Kwamanda Harwood, jagoran jiragen Birtaniya, ya yi, don Bajamushen ya rasa wanda zai fuskanta.

Abin da ya sa nake yaba wa waɗanda suka tsara wasan shi ne yadda suka rarraba maki. Nutsar da jirgin abokin gaba ba ita kaɗai ce nasara ba. Duk harsashin da Bajamushe ya harba a lissafe yake, duk ɓarnar da ya sha kuma tana cin makinsa, don ba shi da tashar gyara a wannan ɓangare na Atlantika. Tarihin ke nan. Kyaftin Langsdorff na Graf Spee ya yi wa Exeter raga-raga har Exeter ɗin ya janye zuwa tsibiran Falkland, amma harsasan Graf Spee sun yi ƙasa, na'urar tace mansa ta lalace. Mun yi wani zagaye da abokina ya nutsar min da Exeter, aka zo lissafi ya faɗi. Ya yi ta jujjuya katinsa yana cewa da sake.

Inda wasan ya gaza shi ne ƙarshensa. Da zarar Graf Spee ya fita daga gefen tebur, shi ke nan. Alhali a Montebidiyo, babban birnin Yurugwai, inda Langsdorff ya fake da jirginsa bayan faɗan, aka yanke hukuncin: Yurugwai ta ba shi awa 72 kacal ya fita, Birtaniya ta baza jita-jitar cewa manyan jiragenta na jira a waje, shi kuma ya tarwatsa jirginsa da hannunsa ranar 17 ga watan. Kati biyu ko uku na ɓoye sun isa su kawo wannan ruɗani, kuma mu da kanmu muka rubuta su.

Dokokin hayaƙin da jirgi ke saki don ya ɓuya ma suna son karatu sau biyu. Mutum biyu za su gama wasan a zama ɗaya da yamma. In kun kai uku, ku raba jiragen Birtaniya, ku hana juna shawara, ya fi armashi.