Na'urar awon sukarin da Autanmu ya aiko daga Faransa, bayan shekara guda a ɗakin Inna

Cikin jakar wani alhaji ɗan unguwarmu ta zo, an cusa ta cikin safa an naɗe da rigar sanyi. Autanmu ne ya ba shi a Paris. Tun da jirgin Faransa ya daina sauka Yamai a 2023, alhajin ta Kazablanka ya biyo, ya kwana biyu a Yamai, sannan ya hau bas ya yi kilomita sama da 600 zuwa Maraɗi. Watan Janairu na 2024 ke nan, ana tsakiyar hazo. Da na kwance ƙullin a tsakar gida Inna ta leƙa ta ce, "Wannan ƴar abar ce yaron nan ya hana mu barci da waya a kanta?"

Ƴar aba ce kuwa, ba ta kai tafin hannu ba. Cikin jakarta akwai ita kanta na'urar, da alƙalamin huda yatsa, da allurai ƙanana, da gwangwani guda na bandalet 50, wato ƴan siraran takardun da ake ɗiga jini a kansu. Sunan kamfanin na bar shi a cikina da gangan, domin abin da zan koka a kai duk irinsu haka suke.

Shekara tara Inna na fama da ciwon sukari. Da ƙwayar metformin take sha, daga baya lokotoro ya ƙara mata allurar insulin. Kafin zuwan na'urar, duk ranar da muke son sanin inda sukarinta ya tsaya sai in nemi izini a lakwal, in tsaida adaidaita domin Inna ba ta hawa kabu-kabu, mu tafi likita da sassafe ba ta sa komai a baki ba, mu bi layi. Wata rana sai hantsi ya dubi ludayi ake kiranmu, ga tsohuwa da yunwa. Saboda haka ranar da na ga lamba ta fito cikin daƙiƙa biyar muna zaune kan tabarma, sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka.

Kirkinta ba ya ɓoyuwa. Ɗigon jinin da take bukata bai kai ƙwayar gero ba. Lambobin manya ne, Inna na ganinsu ba tabarau, ko da yake ba ta karanta boko, ta dai gane cewa in lamba uku ta fara da 2 to za a hana ta fura. Tana ajiye sakamakon baya da rana da lokaci, sai in kwafe cikin kaye in kai wa lokotoro. Pil ɗinta irin na agogo ne mai faɗi, CR2032, ana samunsa wajen masu gyaran agogo a babbar kasuwa, kuma sau ɗaya na canza shi. Alƙalamin hudar yana da lambobi na zurfi. Fatar Inna ta yi kanta saboda daka da wanki, sai a na huɗu jini ke fitowa. A gefen yatsa ake hudawa, tsakiya ya fi zafi.

Kuskure guda na yi da farko. Inna ta ci dabino biyu, na auna ba ta wanke hannu ba, lamba ta haura 300. Har na fara neman mayafi. Ashe zaƙin da ya manne a yatsa na'urar ta karanta. Da aka wanke da sabulu aka shanya hannun, sai ga 170 da ɗoriya.

Sai maganar lissafi, wadda takardar cikin kwalin ba ta tsaya bayyanawa ga irinmu ba. Tamu tana rubuta 145, lokotoro kuma ya rubuta 1,45 a takarda. Abu ɗaya ne, ita miligram take ƙirgawa, shi gram. Amma maƙwabciyarmu ɗanta daga Ingila ya aiko mata tata, su kuma can da wani ma'auni suke aiki, wanda sai ka ninka da 18 kake samun irin namu. Baiwar Allah ta ji muna cewa ƙasa da 70 haɗari ne, ta auna ta ga 9, ta ɗauka mutuwa ce ta zo, ta dama sukari cikin kofi ta shanye. Alhali 9 ɗin nan 162 ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda aka aiko wa irin wannan abu, ya fara duba ƴan harufan da ke gefen lambar, ya nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ya ɗauki mataki.

Daren da na'urar ta biya kuɗinta, wata Alhamis ce cikin Fabrairu. Inna ta yi allura da magariba, ta ce tuwon bai yi mata ba, ta taɓa kaɗan ta ture. Wajen ƙarfe biyu ƙanwata ta tashe ni: Inna na zufa cikin wannan sanyi, hannu na rawa, magana ba kan gado. Ba wuta a unguwa, lokacin Najeriya ba ta maido da lantarkin da ta yanke tun Agustan 2023 ba. Da fitilar waya na auna. 54. Da a ce da ne, da mun ce sukari ne ya hau, ko iska, ko mu yi ta tofi muna jiran asuba. Na jiƙa ƙwayar sukari uku na ba ta tun tana iya haɗiya, bayan minti 15 na sake aunawa, lamba ta hau, ta dube ni ta ce, "Ke kuma mi kike yi a kaina cikin dare?" Da gari ya waye muka je, lokotoro ya rage yawan allurar. Saboda wannan dare kaɗai ba zan taɓa kushe abin nan gaba ɗaya ba.

To amma kyautar doki ce. Wanda aka ba shi ne zai nemo harawa.

Bandalet 50 ɗin nan kafin ƙarshen Fabrairu sun ƙare. Na ɗauki gwangwanin wofi na shiga farmasi ɗaya bayan ɗaya, daga unguwar Zariya har Sabon Gari, na bi ta Mokoyo. Farmasi shida na shiga. Kowa ya juya gwangwanin ya ce, "Malama, ba mu da irin wannan." Suna da bandalet, amma na wasu na'urori, kuma a nan ne na koyi abin da ya kamata in sani tun farko: kowace na'ura da nata take ci, ko kamfani ɗaya ne ya yi su wani lokaci na wannan ba ya shiga waccan. Na'urar araha ce, a bandalet ake cin riba, kamar mai ba ka fitila kyauta ya san wajensa za ka dawo sayen kalanzir. Da can sai mu ce a duba Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta Ɗan Isa da Jibiya, amma lokacin iyaka na rufe saboda takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Wani ɗan kasuwa mai bin hanyar daji ya samo mini gwangwani guda jika 15, wato sefa 15,000. Ban san rana nawa ya kwana cikin zafin mota ba. Yatsa ɗaya, jini ɗaya, na auna sau biyu a jere, ɗaya 130 ɗaya 210. Na zubar da shi ina jin ciwon kuɗina.

Zafi kansa matsala ne da masu ƙera abin ba mu suka tuna ba. A jikin gwangwanin an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30. A Maraɗi, cikin Afrilu? Ɗakin kwano da azahar ya wuce 40 ba gardama. Sau uku na'urar ta nuna hoton ma'aunin zafi ta ƙi aiki sai da yamma. Yanzu a tsohon ɗakin ƙasa na marigayi Baba nake ajiye bandalet, cikin kumbo, murfi a rufe gam domin danshi ma na lalata su. Insulin kuwa, in wuta ta daɗe ba ta zo ba, kwalbar na sa cikin leda in ɗaure, in binne cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce ta koya mini.

Ku yi lissafin da ni. Gwangwani jika 15, guda 50, kowane awo dala 60 ke nan, wato sefa 300. Lokotoro ya so a riƙa aunawa safe da yamma tun da tana kan allura, wato 60 a wata, jika 18. Mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, kuma mutum nawa ne ma ke samunsa? Ban sa kuɗin insulin ba, ban sa sirinji ba, ban sa maganin tansiyo ba. Gaskiya ne a Agustan 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocinta, kuma mun gani a aljihunmu. Sai dai bandalet a kanti ake sayensa, ragin bai kai can ba. Muka koma awo kamar mai tsimin hatsi a bazara: Litinin da Alhamis da safe, sai kuma ranar da jikinta ya ba mu tsoro.

Da na faɗa wa Auta a waya ya yi shiru har na ɗauka rezo ne ya tafi. Sannan ya ce, "Yaya, wallahi ban sani ba. A nan farmasin ƙasan gidanmu cike suke da shi."

Ba na ganin laifinsa. Yaron nan ta Agadas ya bi, ya yi wata bakwai a Libiya, ya hau teku, abin da har yau ba ya son a tambaye shi. Wanke kwanoni yake yi a bayan wani gidan abinci. Har yau ba shi da takardu, kuma a shekarunsa na farko ya taɓa yanke hannu da wuƙa ya ɗaure da tsumma kwana huɗu don tsoron kada zuwa asibiti ya tona shi, sai da hannun ya kumbura wani ɗan Mali ya ja shi ya kai. Can ne ya san akwai wani tsari da ake kira AME, da aka kafa tun 2000, mai biya wa marar takardu kuɗin magani in ya nuna ya wuce wata uku a ƙasar kuma samunsa kaɗan ne. Ya samu katin bayan wahalar takardu da jiran randebu. Wato ƙanena, wanda ke waiwaye in ya hango ɗan sanda a tashar jirgin ƙasa, ya fi uwarsa da ke zaune cikin gidan mijinta, a garin da aka binne cibiyarta, samun magani. Na daɗe ina juya wannan a raina, ban san wanda zan ji wa haushi ba.

Ya ba ni labarin wani mai dafa abinci da suke aiki tare, shi ma mai ciwon sukari. Can ciwon na cikin jerin cututtuka masu daɗewa da inshorar gwamnati ke ɗauke wa mutum kuɗinsu baki ɗaya. Mutumin ko huda yatsa ba ya yi. Wani farin faifai ne kamar kwabo manne a damtsensa, FreeStyle Libre, kwana 14 yake yi, ya kara waya ya ga lamba, kuma tun 2017 inshora ke biya wa masu yawan allurar insulin. Ciwo ɗaya da na Inna, kusan shekaru ɗaya. Can likitoci sun haura 30 ga kowane mutum 10,000, mu nan ko guda bai cika ba. Shi kuwa Auta, tun da ba shi ne marar lafiya ba, ba ordonas, daga aljihunsa yake sayen bandalet ɗin Inna, kusan yuro 20 gwangwani, jika 13 ke nan, sannan ya yi ta cigiyar mai zuwa gida. Sau biyu ya samu a shekara guda. Na biyun saura wata uku ya lalace ya iso.

Ƙarshenta abin da na yi shi ne abin da ya kamata a yi tun farko. Na koma farmasin da ta fi kusa da mu na ce wa mai sayarwa, "Wane bandalet ne ba ya yanke muku?" Ya nuna mini, na sayi na'urar da ke cin sa. Ba ta kai ta Faransa kyau ba. Jinin da take so ya fi yawa, lambobinta ƙanana, murfin pil ɗin har ya fara sakwarkwacewa na ɗaure da salatif. Ranar da aka yi wa Inna analiz a likita na tafi da su biyun na gwada a wurin. Ta Faransa ta fi kusa da sakamakon ɗakin gwaji, ta nan ta ɗara da 12. Ma'aikacin ya ce kada in damu, ƙa'idar da ake ƙera su a kai ta yarda da saɓanin kashi 15 cikin 100, kuma ko da wace na'ura ce, kada mu bar gwajin jini na wata uku-uku da ake kira HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na tsawon watannin, shi ke nuna gaskiyar abin da ake ciki.

In tauraro ake bayarwa, ita na'urar kanta zan ba ta huɗu cikin biyar. Amfaninta ga mai zama Maraɗi, biyu. Ga ƴan'uwanmu da ke Buruksel da Hambug da Niyok masu son aiko wa tsofaffi irin wannan, ku fara sa a ɗauko muku hoton gwangwanin da ake sayarwa a farmasin unguwa, ku sayi na'urar da ta dace da shi, ko ku turo kuɗin ta Nita ko Al Izza a saya a nan. Abin awon tansiyo daban ne, shi pil kawai yake ci, wannan ku aiko ba fargaba.

Haka na faɗa wa Auta, ya ce to. Watan jiya sai ga wani gwangwanin ya sake aikowa cikin safa. Inna ta hana a buɗe. Ta haɗa shi da na'urar ta sa cikin kwallar da take ajiye turarenta da tasbahar Makka, in baƙi sun zo ta sa a ɗauko a nuna musu. Na ce mata, "Inna, wannan fa yana da ranar lalacewa, watan Nuwamba." Ta ce a bari tukuna, wai yaron ya ce yana sa ran takardunsa su fito bana, in ya zo shi zai auna ta da hannunsa.