Motar Ma'aikata ko Kuɗin Sufuri?

Kamfanoni kan ɗauki nauyin zirga-zirgar ma'aikata domin rage makara, da rage kuɗin da filin ajiye motoci ke ci. Wasu suna tanadar bas, ko su haɗa masu bin hanya ɗaya a mota guda, wanda hakan ke sa a iso tare a kan lokaci, sai dai yana ɗaure ma'aikaci da jadawalin da ba shi ya tsara ba, musamman ranar da aiki ya tsare shi har dare. Wasu kuwa kuɗin mota suke ƙarawa a kan albashi. Wannan ya fi sauƙin gudanarwa, amma ba ya rage cunkoso, kuma sau da yawa kuɗin kan tafi ga wata buƙatar gida.