Bel mai haƙora ko sanda mai haƙora: wanne ya dace ya juya enkoda a injin da ke kai-da-komo?

Malam, ka tambaya ko da bel mai haƙora ya kamata a juya enkodar (na'urar da ke ƙirga juyi ta hanyar ba da bugun lantarki) da za ta riƙa auna inda teburin injinka yake, wanda ke kai-da-komo a tazarar kusan mita ɗaya, ko kuwa da sandar ƙarfe mai haƙora da ƙaramar giya. Dukansu suna aiki, amma inda suke rabuwa shi ne daidai lokacin da teburin ya juya baya.

A tsarin sanda da giya dole ne a bar ɗan gibi tsakanin haƙora, in ba haka ba su cije. Saboda haka idan teburin ya juya, sai ya ɗan yi tafiya kafin giyar ta motsa, kamar sitiyarin da ya yi lako-lako, kuma enkoda ba ta ƙirga wannan tafiyar. Kullum haƙoran suna ƙara cinyewa gibin yana ƙaruwa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke cakuɗuwa da giris. Maganinsa shi ne a sa sifirin ya riƙa danna giyar a jikin sandar, ko a yi amfani da giya mai ɓari biyu wadda sifirin ke matse haƙori ta gaba da baya. Akwai kuma batun lissafi: giya mai haƙora 20 a modul 1 (modul shi ne ma'aunin girman haƙoran giya) tana cin milimita 62.83 a kowane zagaye, adadin da ba ya rabuwa cif.

Bel irin GT2 kuwa tazarar haƙoransa milimita 2 ce, don haka giyar bel mai haƙora 20 tana ba da milimita 40 daidai a kowane zagaye, kuma enkoda mai bugu 1000 a zagaye ɗaya za ta ba ka milimita 0.04 a kowane bugu. Gibinsa kaɗan ne, ba ya kuma buƙatar giris. Rauninsa shi ne yana saki idan ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba, sannan mai da ɓarɓashin ƙarfe mai zafi suna saurin lalata shi.

A ganina, idan wurin a tsaftace yake ko za ka iya yi masa murfi, ka ɗauki bel. Idan kuwa mai da ɓarɓashi na zuba, sanda da giya mai sifirin ta fi juriya. Ko wanne ka zaɓa, kada ka ɗora giyar kai tsaye a kan ɗan ƙarfen enkoda mai juyawa, domin boris ɗinta ƙanana ne, ba su jure matsi daga gefe. Ka ba giyar nata boris, sannan ka haɗa su da mahaɗi mai ɗan lanƙwasuwa wanda shi kansa ba shi da gibi.