Sarin ɗanyen siliki mai bugun zane ko saƙaƙƙen Banarasi?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce maigida zai je Delhi, kina so ya sayo miki sari guda, wato zanen nan da matan Indiya ke ɗaurawa, da za ki sa a daren Indiya na bikin ƙanwarki, amma kin rasa na zaɓa tsakanin ɗanyen siliki mai bugun zane, wanda ake yayi yanzu, da saƙaƙƙen nan na Banarasi. Ina da duka biyun a akwati, don haka bari in faɗa miki abin da hannuna ya gaya mini.

Bambancin daga zare ya fara. Tsutsar siliki tana saƙa gidanta ne da zare mai ɗauke da wani danƙo. Idan aka dafa zaren aka wanke danƙon tas, sai ya fito sumul yana sheƙi, irin wanda ake saƙa Banarasi da shi. Idan kuwa aka bar danƙon, ko wani ɓangarensa, shi ne ɗanyen siliki: yana da ɗan kaushi, sheƙinsa a kwance yake, kuma za ki ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin yadin. Kada ki ɗauka aibi ne, su ne kyansa. Duk wadda ta taɓa shafa aikin tsamiya a wuyan babbar rigar kakanta ta san irin wannan taɓin, domin tsamiyarmu ma silikin daji ce. Da yawa daga cikin abin da 'yan kasuwar Indiya ke sayarwa da wannan suna silikin Tasar ne, na tsutsar daji, mai launin ruwan zuma tun daga halitta, kuma garin Bagalpur a jihar Bihar ya yi suna a kansa.

Sai batun ado. A Banarasi, wanda ake saƙawa a Baranasi ta jihar Uttar Pradesh, furen a cikin saƙar yake, da zaren nan mai ruwan zinare da suke kira zari. Masaƙi kan yi makonni a kan sari ɗaya, shi ya sa kuɗinsa ke da nauyi, shi kansa ma da nauyi. Mai bugun zane kuwa sai an gama saƙa yadin sannan a ɗora masa ado. A garuruwan Bagru da Sanganer kusa da Jaipur, katako ake sassaƙawa a tsoma a rini a riƙa dangwalawa da hannu, kowane launi da katakonsa. Nawa irin wannan ne, kuma idan na shimfiɗa shi a gado ina ganin inda wani ganye ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, alamar hannun mutum ke nan. Akwai kuma bugun inji, wanda ya fi araha kuma babu irin zanen da ba ya fitarwa. Wannan sauƙin ne ya sa matan Indiya suka rungume shi, malamar makaranta da ma'aikaciyar banki za su sa shi su wuni a wurin aiki, washegari su je suna da shi.

Kowanne tsawonsa wajen mita 5.5 ne, ban da ƙyallen riga da ake haɗowa da shi. Amma ranar da na sa Banarasina na awa huɗu a zafin Kano, kafaɗata ta ji a jikinta. Ɗanyen kuwa ba ya nauyi, yana shan iska, kuma ninkin gaba yana tsayawa cak kamar an sa masa sitati, abin da ke taimakon wadda ba ta saba ɗaurawa ba. Sai dai wannan tsayuwar tasa ce ke hana shi zuba a jiki. In kina da niyyar mai da shi laffaya bayan biki, ba zai kwanta miki yadda kike so ba, gara ki ɗinka doguwar riga da shi.

Ta fuskar kwarjini a hoto da hasken fitila, Banarasi ya fi, babu gardama. Kayan amarya ne, uwa kan bar wa 'yarta. Amma ke yayar amarya ce, kuma kin ce guda ɗaya za ki saya. Ni dai ɗanyen mai bugun hannu zan ce a sayo miki, don za ki mora shi sau da yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Kasuwa cike take da na roba da ake yi wa ƙulle-ƙullen ƙarya. Ki ce wa Alhaji ya nemi alamar Silk Mark, wadda hukumar siliki ta Indiya ke tsaye a kanta. In ya iso, ki zari zare ɗaya daga gefe ki ƙona: na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murƙushe a yatsa, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Kada ki fesa masa turare kai tsaye, kada ki jiƙa shi da omo, digon ruwa ma kan bar masa tabo. Ki kai shi wankin dirai, ki goge ta baya da dutsen guga mai ɗumi kaɗan, sannan ki naɗe shi cikin farin ƙyallen auduga kafin ki ajiye.