Fomatin ko gogewa ta gaske, kafin a kai laftof Computer Village

Salam Alhaji, na ga tambayarka tun da safe, kana son kai tsohuwar laftof ɗin shago Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, ka sayar, yaronka ya ce ya riga ya yi mata fomatin, wai bayanan cikinta sun goge ke nan ko da saura. Wallahi da saura, don Allah kar ka bari ta bar Agege tukuna.

Ka ɗauki littafin bashi na shago ka yage shafin farko inda aka jera sunaye da lambar shafi, sunayen sun tafi amma lissafin kowa yana nan ciki. To abin da dilit da fomatin na sauri suke yi ke nan, sai kwamfuta ta ce wurin fili ne alhali kayan suna kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma duk yaron da ya iya Recuva ko PhotoRec, manhajojin dawo da abin da aka goge waɗanda kyauta ake sauke su, zai iya dawo da hoton NIN ɗinka da takardun banki da hotunan iyali. Ni kaina na taɓa sayen tsohon had diski, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, a Ikeja, na gwada shi a gida sai ga hotunan bikin wasu bayin Allah da kwafin fasfo, raina ya ɓaci ranar sosai, don da a hannun wani ya faɗa Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya.

Ita kuwa gogewa ta gaske, sifili ake bi ana rubutawa a kan kowane gurbi daga farko har ƙarshe. Fomatin na sauri ko minti ɗaya ba ya kaiwa, wannan kuwa diski mai 1TB zai ci maka awa biyu zuwa huɗu, saboda haka a tabbatar akwai caji ko janareto, kar NEPA su ɗauke wuta ana tsaka da aiki. Ana yi da manhajar goge diski mai suna DBAN daga filashi, ko kuma a cikin Windows 10 da 11 a shiga Reset this PC a zaɓi cire komai sannan a kunna Clean data. Za ka ji wasu injiniyoyi suna cewa sai an maimaita sau 35, wannan tsarin wani masanin kwamfuta Peter Gutmann ne na 1996 kuma don diskokin wancan zamanin aka yi shi, hukumar NIST ta Amurka mai tsara ƙa'idojin fasaha ta nuna a diskin yanzu sau ɗaya ya wadatar. Kar ka biya kuɗin kwana uku a banza.

Amma fa duk wannan maganar mai faifai ce, wato HDD, wanda kake jin ƙararsa yana juyawa. In SSD ne, wato diskin da ba shi da faifai mai juyawa, labari ya canza, domin shi yana rarraba rubutu ne wuri-wuri don kar gefe ɗaya ya gaji, kuma yana da ɓoyayyen wuri da DBAN ba ya kaiwa, sai ka wahalar da shi kuma ba ka da tabbas. Shi Secure Erase ake masa, wato umarnin da ke sa diskin ya goge kansa, ko ta BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, in laftof ɗin tana da shi ko da manhajar kamfanin, kamar Samsung Magician. In da ma an kulle shi da BitLocker, manhajar Windows mai kulle bayanai da makullin sirri, tun farko to abin ya zo da sauƙi, makullin na tafiya abin da ya rage ba ya karantuwa.

In kuma diskin ya mutu ba ya tashi, babu manhajar da za ta yi aiki, sai guduma ko a huda shi, a kula da ido don faifan na laftof sau da yawa gilashi ne, tarwatsewa yake yi. Maganaɗisu kuwa ba abin da yake yi wa SSD.

Ni dai da ni ne, tunda lissafin kwastomomi da lambobinsu suna ciki, cire diskin zan yi in ajiye a gida in sayar da ita haka, ko an rage min kuɗi na yarda. Ka sa yaron ya buɗe Task Manager ya shiga Performance, zai ga an rubuta HDD ko SSD, ya turo min hoton sai in faɗa masa inda zai danna.