Fargabar Fita Daga Gida: Magani ko Zama da Masani?

Mutane da dama a unguwannin Agege da Idi-Araba a Legas suna tambayata abin da ya fi dacewa da wanda fargaba ta hana shi fita: shan magani ko zama da masanin halayyar ɗan Adam.

Magani ya fi sauƙin farawa, sai dai irin su sertraline kan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu, kuma likita ne zai rubuta, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Diazepam da wasu ke saya a kemis yana kwantar da hankali nan take, amma jiki kan saba da shi, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Zama da masani ya fi cin kuɗi da haƙuri, domin mataki-mataki ake bi: tsayuwa a ƙofar gida har bugun ƙirji ya lafa, sannan masallacin layi, daga baya shiga motar haya ta danfo zuwa kasuwar Mile 12. Amfaninsa kan daɗe bayan an gama.

Wanda fargaba ta hana shi barci da aiki, gara ya fara da likita. Mai iya taka ƙofa, ko da ɗan rakiya, zama da masani ya fi masa.