Tektronix 1502: tsohuwa ce, amma ta hana ni fasa tsakar gidan mutane

Na'urar gano inda waya ta lalace ce. Na saye ta a gwanjo, wajen wani mai tsofaffin kayan lantarki da shi kansa ya ɗauka ƙaramar talabijin ce. Ƙirar Amurka ce ta shekarun 1970, da ɗan allo mai koren haske. Wata takwas ke nan ina aiki da ita.

Aikinta ɗaya ne: ta tura sigina cikin waya, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo, daga lokacin da ya ɗauka ta lissafa nisa. In waya ta tsinke, layin da ke allo sai ya haura sama. In wayoyin ciki sun haɗu, ya nutse ƙasa. Tsohuwar na'urata ta gwajin waya, Megger mai hannun juyawa, za ta ce maka akwai matsala, amma a ina, oho.

Ranar da ta biya kuɗinta, kyamarar tsaro ce ta ɗauke a wani gida a Kaduna, kebul ɗin RG-59 kuma yana binne ƙarƙashin daɓe. Maigidan har ya kira masu diga. Na ce, "Alhaji, a ɗan dakata." Na cire kyamarar, na jona na'urar, na danna maɓallin irin robar da ke cikin kebul ɗin, wadda sigina ke gudu a cikinta da kashi 66 cikin 100 na saurin haske. Layi ya haura a ƙafa 142, wajen mita 43. Muka auna da tef, muka fasa wuri ɗaya kusa da magudanar ruwa, sai ga shi ɓera ya gwaguye shi. Tazarar kuskuren ba ta kai taku biyu ba.

Wannan maɓallin shi ne tarkon. In ka zaɓi wanda ba shi ba, lissafin nisa ya rushe, ka tona inda babu komai. Na taɓa yi, na sha kunya a gaban yaran aikina.

Laifuffukanta ba kaɗan ba ne. Iyakarta ƙafa 2,000. An yi ta ne don kebul mai om 50 (om shi ne ma'aunin turjiyar da kebul ke yi wa sigina), don haka na kyamara mai om 75 yana nuna ɗan tudu tun daga farko, sai ka saba da shi. Batirinta ya mutu tuntuni, kuma ba ta tashi ba ko a wuta sai da na harhaɗa mata sabo. Mafi muni, kada ka kuskura ka jona ta a waya mai wuta: ƙaramin diyod ɗin da ke fitar da siginar nan take zai ƙone, samun wani kuwa sai an sa cigiya har ƙasashen waje.

Ba ta rubuto maka lamba kamar na zamani, kai za ka karanta layin da idonka. Ga mai haƙurin koyo, in ya same ta da arha ya saya, amma ya sa a kunna ta a gabansa da guntun kebul da ya san tsawonsa.